Baffa, Wanda Ya Durƙusa a Madadina

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa muka nufa. Baffa, wan mahaifina, ya rasu ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar cirar auduga. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ya yi yana fama da zazzaɓi da tari, a na biyar ya ce a juya shi gabas, aka juya shi.

Mata suka ɗauki kuka a cikin gida, ban da Gwaggo, autar su Baffa. Ita zama ta yi a ƙofar ɗakinsa, ta riƙe butarsa a cinya, duk wadda ta ce mata ya haƙuri sai ta ce, "Shekara sittin muna gardama da mutumin nan. Jiya ma na bar shi da magana bai ba ni amsa ba. Yanzu da wa zan yi?" Liman kuwa da ya zo yin salla, sai da ya tsaya ya share ido da bakin rawani kafin ya ta da kabbara.

Ranar sadakar uku wasu mutum uku suka iso, waɗanda samarin gidanmu ba su sani ba. Ɗaya daga wajen Musawa, ɗaya daga Mahuta, na ukun Bayarabe ne mai sayar da yadi a Funtuwa, Kirista, ya rufe shagonsa ya biyo babbar mota. Bayan an yi addu'a, sai na Musawa ya naɗe ƙafar wandonsa. Na Mahuta ya naɗe tasa. Bayarabe ya ja hannun rigarsa sama. Kowannensu da tabo iri ɗaya, fata mai sheƙi kamar maho a jikin riga. Suka dube ni, ni ma na naɗe tawa. Samari suka fashe da dariya, suka tuna inda suke, suka sunkuyar da kai.

"Ku yi dariyarku," in ji na Musawa. "Da yana nan da ya fi ku yi."

A nan na gane cewa yaran da suka taso yanzu ba su san yadda aikin tsohon nan ya faro ba. Shi ya sa na ɗauki fensir, da ɗan bokon da na koya a ajin manya, ina rubutawa a hankali.

Baffa dogo ne, baƙi, ba shi da yawan fara'a. Manomi ne, da rani kuma yana lambu a fadama, kuma duk ƙauyenmu babu mai hannun dashe irin nasa. In ya dasa barkono sai ya kafa wa kowane tushe ɗan ganye don inuwa, ya hana kowa ratsa wurin har sai ya ga ya miƙe. Goro ɗaya yakan raba shi huɗu ya wuni da shi. Duk wanda ya zo masa da magana a tsaye, ko gobara ce, abin da zai fara ji shi ne, "Zauna tukuna." Sai ka zauna, ya gama abin da yake yi, sannan ya juyo.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana da taurin kai. Ya taɓa yin shekara guda ba ya magana da mahaifina saboda wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu, kuma ba su shirya ba sai ana saura wata biyu mahaifina ya rasu. Wani abu kuma da kowa ya san shi da shi: Baffa ba ya durƙusa wa mutum. Shi ne babba a gida, shi ake durƙusa wa. Ko hakimi ya zo rangadi, Baffa yakan ɗan rusuna ne kawai, yana guna-gunin ciwon gwiwa.

Ciwona ya fara ne daga tushiyar dawa da ta soke ni a ƙwauri, kusa da idon sawu, ina sharar gona. Ɗan ƙaramin rauni, ban ma kula ba. Ya zama gyambo. Shekara uku ina fama da shi. Babu garin da ba a barbaɗa ba, babu ganyen da ba a ɗaura ba, shi kuwa sai faɗi yake yi har ya kai tafin hannu. Ƙuda suna bina. A masallaci na lura mutane suna barin tazara tsakanina da su a sahu, sai na koma yin salla a gida.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, ana gab da faɗuwar damina, Baffa ya shigo ɗakina ba sallama, ya ce in ɗauki rigata. Muka hau mota a Funtuwa sai babban asibiti a Zariya. Likita ya duba ya ce za su yanko fata daga cinyata su dasa a kan gyambon. Ni dai tsoro ya kama ni. Baffa kuwa ya matso yana tambaya kamar ana maganar lambu: daga ina za a ciro, yaya kaurinta, kwana nawa kafin ta kama.

Aka yi aikin. Na yi mako uku a kwance, Baffa yana kwana a barandar asibiti. Ranar sallama wani malamin asibiti, mutumin kudu mai jin Hausa, ya zaunar da shi ya ce, "Baba, ka ji da kyau. Fatar ta kama, amma ɗanya ce. Kada ya taka ƙasa da ƙafar. Kada ya lanƙwasa ta. Kada ruwa ya taɓa. Kada a sa wani magani a kai, ko wane ne ya kawo. Ku ba shi abinci mai kyau."

"Har yaushe?"

"Kwana arba'in."

"Mai jego ke nan," in ji Baffa. "To, in ta ɗaye fa?"

Malamin ya nuna ƙasan gwiwata da gefen hannunsa. "In ta ɗaye duka, Likita ya ce daga nan zai yanke."

Ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ban da fartanya ba ni da wata sana'a.

Da muka dawo gida Baffa bai bar ni na shiga ɗakina ba. Ya sa aka share ɗakin da ke jikin zaurensa, aka kafa gadon kara, aka kife turmi a ƙarshen gadon, aka ɗora matashi, aka ɗora ƙafata. Ya rataya wani tsohon zane don ƙuda. Ya taka har ɗakin shan magani na gunduma ya roƙi malamin wurin ya riƙa zuwa a keke duk mako yana canza bandeji. Ya je wurin Liman ya ce ya zo da kansa ya gaya mini cewa salla a zaune ta halatta gare ni, don ya san ba zan yarda daga bakin wani ba. Zabinsa da yake ji da su, waɗanda ko ƙwai ɗaya ba ya bari a taɓa, sai ga shi kullum ana dafa mini biyu. Da safe zai leƙo ya ce, "Mai jego, an tashi lafiya? Ya jaririyar?"

Kwana uku da dawowarmu Gwaggo ta shigo da ƙullin magani a bakin zane.

"Yaya, matsa in barbaɗa masa. Daga wurin wata tsohuwa a Kafur na karɓo, ba a taɓa sa shi ya ƙi ba."

"Zauna tukuna, Auta."

"Ba zan zauna ba. Ɗan ɗan'uwana ne ni ma."

"Na meye maganin?"

"Na kowane irin ciwon ƙafa."

"Madalla. Kawo." Ya karɓa, ya kwance, ya miƙe ƙafarsa, ya juye garin duka a kan fason dugadugansa, ya murza. "In nawa ya warke, sai a sa masa."

Gwaggo ta fita tana faɗa har bakin rijiya. Amma da yamma ita ce ta aiko da farfesun kaza.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta taso wa gonata. Baffa ya kira gayya. Ranar gayyar ita ce ta tara da dawowata. Tun da sassafe ya tafi gona don ya tsaya a kan aikin, maza duk suka bi shi, aka bar ni ni kaɗai. Da hantsi sai na ji sallama a ƙofar zaure. Muryar surukina ce, uban matata. Ya taso daga ƙauyensu a ƙafa don ya duba ni, kuma babu wanda ya gaya masa dokar asibiti.

Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda abin yake. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa yi masa magana a tsaye ba, balle a kwance, ƙafa a sama tana nuna shi. Kafin in yi wani tunani na sauko daga gado, na durƙusa. Gaisuwar suruki kuwa ba ta da gajarta. Ya tambayi jiki, ya tambayi kwanan asibiti, ya tambayi ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Tun a gaisuwa ta biyu na ji wani abu ya ɓalle a ƙwaurina kamar ɗinki ya farke. Ban tashi ba sai da ya gama. Matata ce ta ga jini a bandeji da ta kawo wa mahaifinta ruwa, ta saki ƙwarya.

Aka kira Baffa daga gona, aka tura mai keke ya ɗauko malamin ɗakin shan magani. Ya kwance bandeji ya daɗe yana dubawa. Ya ce gefe ɗaya ya ɗaga, kamar faɗin yatsa biyu, sauran yana nan. Ya gyara ya ɗaure. Ya ce, "Wannan zai iya cikewa. Amma in ya ƙara sau ɗaya, ku nemi mota kawai."

Na jira faɗa. Da ya yi faɗan da na fi jin daɗi. Baffa ya zauna a bakin gado, laka har gwiwa. Na ce, "Baffa, surukina ne. Yaya zan yi in kwanta ina kallonsa?"

"Ba ka yi laifi ba," ya ce. "Da ka kwanta ma, da ni na ji kunyar. Laifina ne. Na tsare ruwa, na tsare ƙuda, na tsare Auta da garinta. Na manta da gaisuwa."

Ya san abin da ke gaba. Dubiya ba ta ƙare ba. Kawunnaina suna tafe, da Mai unguwa, da dattawan dangin matata. Hana su shiga cin fuska ne. In sun shigo kuma, ya san ko ɗaure ni aka yi sai na sauko.

Surukina ya kwana a gidan Liman, ransa a ɓace da abin da ya faru. Da safe ya zo sallama. Ina kwance ina kallo ta ƙofa. Baffa na zaune a kan buzunsa a zaure. Da surukina ya shigo, sai Baffa ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya dafa bango, ya sauka a hankali har gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya durƙusa a gaban mutumin da shi Baffa ya girme shi da shekara goma sha biyar.

"Ina kwana, Baba," in ji Baffa.

Surukina ya ja da baya har ya yi karo da ƙyaure. "Subhanallahi! Malam, mene ne haka? Tashi, don girman Allah!"

"Ba ni ba ne. Surukinka ne yake gaishe ka. Ƙafarsa tana jego, ya ari tawa. Amsa masa."

"Wallahi ba zan iya ba."

"In ba ka amsa ba zai sauko. Ga shi can yana jin mu."

Surukina ya rasa yadda zai yi, sai shi ma ya zube. Haka suka gaisa, su biyu a ƙasa, kowa yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa sunkuyawa. Daga can surukina ya ɗaga murya, ya yi mini magana kai tsaye, abin da bai saba ba: "Kai, kada ka motsa. Na amsa. Allah ya ba ka lafiya."

Kafin azahar labari ya gama gari. Gwaggo ta shigo ko mayafi babu.

"Yaya, lafiyarka kuwa? Kai da ka ga ranar sunan mutumin nan! Gobe kuma wa za ka durƙusa wa, mai tallan fura?"

"In ta girme shi."

"Kana zubar mana da girman gida."

"Gwiwar taki ce ko tawa?"

"Gidan ubanmu ne!"

"To, gidan ubanmu zai yi masa noma in an yanke ƙafar?"

Ta leƙo ta dube ni, ta dubi turmin, ta fita.

Daga ranar Baffa bai ƙara zuwa gona ba sai ya bar wani dattijo a zaure. Mafi yawan lokaci shi ne da kansa. Duk wanda ya shigo, in dai wanda zan durƙusa wa ne, Baffa zai tuɓe takalmi ya dafa bango. Mai unguwa, wanda Baffa ya taɓa ɗauka a kafaɗa yana yaro, da ya ga ya fara sauka sai ya fita a guje, ya tsaya bayan danga yana ɗaga murya: "Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi! Baba, don Allah koma ka zauna!" Mutane suka koyi haka. Tun daga bakin hanya za ka ji ana cewa, "Mai jego, kada ka motsa! Baba, kada ka sauka!"

Mutum ɗaya ne bai ji nauyi ba, Kawuna, wan mahaifiyata, sa'an Baffa kuma abokin tsokanarsa tun suna kiwon awaki. Ya shigo, ya zauna a kan buzun Baffa, ya harɗe, ya bar shi a durƙushe.

"Yau na ga abin da na daɗe ina roƙon Allah," in ji Kawu. "Ban ji ba, kunnena ya yi nauyi. Sake gaishe ni."

"Ina wuni, Kawu."

"Lafiya lau, yaro. Ya aiki? Ya ruwa? Ya zabi, suna ƙwai?"

Sai da ya tambaye shi har lafiyar jaki. Da aka gama Baffa ya kasa tashi. Gwaggo ce ta fito ta kama shi ta ɗaga, tana zagin su biyun, suna dariya har da hawaye. Tun daga ranar kullum da yamma takan kawo ruwan zafi da man shanu ta gasa masa gwiwoyi, tana yi tana mita. Kuma ita ta ɗauki gaisuwar mata. In wata gwaggo ko inna ta zo dubiya, Gwaggo ce ke durƙusa mata.

Ran kwana arba'in malamin ya kwance bandeji, ya danna fatar da yatsa, ya ja ta kaɗan. Inda ya ɗaga ya cike. Ya ce, "Ta zama taka." Baffa ya miƙo mini sandarsa, na taka ƙasa. Abu na farko da na yi niyya shi ne in durƙusa a gabansa in yi godiya. Na fara sauka ke nan ya cafke kafaɗata.

"Zauna tukuna."

Na ce ai an sallame ni. Ya ce shi bai sallame ni ba. Na ɗauka kwana biyu zai yi ya bari. Shekara ta zagayo, na koma noma, ina durƙusa wa kowa, amma ban da shi. Ko ranar Salla, in na zo gaisuwa tare da sauran 'ya'yan gida, su duk su zube, ni sai in ji hannu a kafaɗata. Na taɓa yin fushi na ce, "Baffa, sai ka ce ba ɗanka ba?" Ya ce, "Na sha wuya a kan fatar nan. Ba a gabana za ta yage ba." Wani lokaci nakan ce a raina ko shekarar nan da ya yi ba ya magana da mahaifina ce take damunsa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Ɗakin nan bai koma na ajiya ba. Malamin ɗakin shan magani ya ga yadda tawa ta yi, sai ya fara turo waɗanda aka yi wa irin aikina, waɗanda garinsu ya yi nisa da mai canza bandeji. Na Musawa ya zo da gyambo irin nawa. Na Mahuta wutar daji ce ta ci masa ƙafa. Bayarabe fitilar kananzir ce ta fashe masa a hannu, danginsa kuma suna can kudu. Da ya warke, duk shekara yakan aiko da yadin akoko a yayyaga a yi bandeji. Wata mata da ta faɗa a wuta ta yi nata arba'in ɗin a ɗakin Gwaggo. Kowanne Baffa ya kife masa turmi, ya ba shi ƙwan zabi, ya aika garinsu a yi masa gayya, ya kuma durƙusa wa manyansa. A shekarun baya-bayan nan sai mutum biyu sun kama shi yake tashi, amma bai bari ba.

Ranar Laraba ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da ƙafar nan na taka har maƙabarta. Da aka gama rufe shi mutane suka fara juyawa, sai na tsaya a wajen kansa, na tuɓe takalmi, na sauka har ƙasa. Na ɗan jira, kamar zan ji hannu a kafaɗata. Na gaishe shi yadda ɗa ke gaida uba, na yi godiyar da ya hana ni yi shekara goma sha shida.

Ya rasu ya bar mutum a ɗakin, wani magidanci daga wajen Kafur, kwanansa goma sha biyu da dawowa daga asibiti. A cikin hidimar makoki mun kusa mantawa da shi. Ranar sadakar uku, bayan baƙin nan sun rufe tabonsu, sai wani dattijo mai furfura ya yi sallama, ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ce shi wan mahaifin mai jinyar ne, yana so ya gan shi. Daga cikin ɗaki na ji gadon kara ya yi ƙara.

Gwaggo ta leƙo daga ƙofar cikin gida, butar Baffa har yanzu a hannunta. Ta daka wa na ciki tsawa, "Kai, mai jego, zauna tukuna!" Sannan ta dube ni. "Kai kuma me kake jira?"

Na tuɓe takalmi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa taurin kansa, ya ɗaukaka shi gwargwadon yadda ya sauka saboda mu. Mu kuma Allah ya ba mu gwiwar riƙe ɗakin nan har ranar da namu ya zo.